Lens na 18-55mm yana gaza min a cikin ɗaki: tsayayye zan nema ko mai zum?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum masana. Kyamarata mai ƙaramar sensa ce (farantin ciki da ke kama hoto), wato APS-C, kuma lens ɗin da ta zo da shi nake aiki da shi, 18-55mm f/3.5-5.6. Abu uku ne suke damuna. A cikin ɗaki hoto yakan fito da duhu, in kuma ya samu haske sai ya girgiza ko ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Bayan mutum ba ya narkewa, komai yana fitowa ɓaro-ɓaro har ya janye ido daga fuskar. Sannan in na matsa kusa da fuska a 18mm, hanci yakan kumbura, kunnuwa su ja baya.

Wani ya ce in nemi 50mm f/1.8, wani ya ce 85mm, wani kuma ya ce 70-300mm ya fi su duka domin ya fi ƙarfi, har ma an rubuta makro a jikinsa. Don Allah mene ne ainihin bambancinsu, kuma wanne ne zai magance waɗannan ukun?

Ƙofar_Haske:

Wa alaikumus salam. Lambobi iri biyu ne a jikin kowane lens, kuma kowace da aikinta. Wanda ya ce maka 70-300mm ya fi ƙarfi lamba ɗaya kawai ya duba, alhali babbar matsalarka tana wajen ɗayar.

Ta farko ita ce milimita. Faɗin abin da zai shiga hoto take gaya maka, ba ruwanta da kyau ko haske. A kan babbar sensa mai faɗin milimita 36 da tsayin 24, in aka auna daga kusurwa zuwa kusurwa, lens na 14mm yana kama digiri 114, na 24mm digiri 84, na 35mm digiri 63, na 50mm wajen 47, na 85mm wajen 28, na 200mm kuwa digiri 12 kacal. Daga nan aka kasa su: ƙasa da 35mm masu faɗi ne, na gini da fili da ƙuntataccen wuri; kewayen 50mm matsakaita ne; daga 70mm zuwa sama masu janyo nesa ne. Amma taka sensar ƙarama ce, tsakiyar abin da lens ya zana kawai take kamawa. Saboda haka kowace lamba ka gani ka ninka ta da 1.5 in Nikon ce ko Sony ko Fujifilm, da 1.6 in Canon ce. Wato 18-55mm ɗinka yana ba ka faɗin da 27-82mm zai ba mai babbar sensa, 50mm kuma a wurinka kamar 75mm ne. Ka riƙe wannan, domin yawancin shawarwarin da ake bazawa an yi su ne da lissafin babbar sensa.

Ta biyu ita ce lambar f, girman ƙofar da haske ke shiga. Rabawa ce: milimitar lens a raba da faɗin ƙofar. Lens na 50mm a f/2 ƙofarsa milimita 25 ce, a f/4 kuwa 12.5. Shi ya sa ƙaramar lamba take nufin babbar ƙofa. Matakan su ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22, kuma duk matakin da ka hau haske ya ragu da rabi.

Yanzu duba naka. An rubuta f/3.5-5.6 ne domin lambar f tana hawa, haske yana raguwa, yayin da kake zum: f/3.5 a 18mm, wajen f/4.5 zuwa f/5 a 35mm, f/5.6 a 55mm. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 akwai mataki uku da sulusi, kusan ninki goma na haske ke nan. A ɗakin da kyamara ta tilasta maka shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, ta 1/15 na daƙiƙa a ISO 1600 (ISO ita ce lambar da ke ƙara wa hoto haske, tana ƙara masa yashi in ta hau), f/1.8 zai ba ka wajen 1/150 ba tare da ka taɓa ISO ba. A 1/15 numfashin mutum ma yana isa ya ɓata hoto. A 1/125 zuwa sama mai zaune ko mai tsaye yana magana zai fito tas. Ko kuma ka raba ribar biyu, ka sauke ISO zuwa 800 yashin nan ya ragu, shota ta tsaya wajen 1/80.

Lens tsayayye, mara zum, yana samun babbar ƙofa cikin sauƙi saboda tsawo ɗaya aka tsara gilasan cikinsa su yi wa hidima. Yawancin 50mm f/1.8 gilashi shida ko bakwai ne a ciki, nauyinsu bai kai giram 200 ba. Mai zum dole ya gyara kurakurai a kowane tsawo, sai gilasai su yi yawa, ga shi in ana son ƙofar ta zauna a f/2.8 daga farko har ƙarshe sai an ƙara girma da nauyi. Akwai irin waɗannan na ƙaramar sensa, 17-50mm ko 17-55mm f/2.8, kuma su ne tsaka-tsaki: a ƙarshen zum sun ninka naka haske sau huɗu, amma f/1.8 har yanzu ya ninka su fiye da sau biyu. A 18mm kuwa bambancin f/3.5 da f/2.8 bai ma kai mataki ɗaya ba.

Kowane allazi da nasa amanu. Da tsayayye, ƙafarka ce zum, kuma inda bango ya tare ka a nan ka tsaya. A ganina dai 50mm f/1.8 ya amsa maka ta ɗaya da ta biyu. Shi 70-300mm yawanci f/4-5.6 ne, duhunsa ɗaya da wanda kake kuka da shi.

Ma'aunin_Nisa:

Bayanin Malam Ƙofar_Haske a kan haske babu gyara. Inda na saɓa da shi shi ne 50mm, tunda mai tambaya cikin ɗaki ya ambata.

A yi lissafi. Faɗin sensar APS-C wajen milimita 23.5 ne. In ka tsaya mita 3 daga mutane, 50mm zai kama faɗin mita 1.4 ne kawai, wato mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, na uku an yanke masa hannu. Daga wuri ɗaya 35mm zai kama mita 2, 24mm kuma kusan mita 3. In cikakken mutum kake so a tsaye, kai da ƙafa da ɗan sarari, ka kuma juya kyamara a tsaye, 35mm yana buƙatar mita 3, 50mm fiye da mita 4, 85mm fiye da mita 7. Ɗaki nawa ne zai ba ka mita 7? Don haka a ƙaramar sensa 35mm f/1.8, ko 30mm, shi ne na yau da kullum, 50mm na kai da kafaɗa ne, 85mm kuma sai a fili.

Kada ka ɗauki maganata ko tasa, gani ya kori ji. Ka murɗa zum ɗinka zuwa 35, ka manna ɗan salatif a kan zoben don kada hannu ya juya shi, ka yi aiki haka kwana uku. Sannan ka mayar 50 ka sake kwana uku. Wanda ya fi sa ka ja da baya har ka bugi bango, ba shi ba ne naka. Kana kuma iya buɗe bayanan tsofaffin hotunanka a kwamfuta, kowane hoto yana ɗauke da milimitar da aka ɗauke shi, ka ga inda hannunka ya fi zama.

Maganar hanci kuwa, laifin ba na lens ba ne, na nisa ne. Tsakanin tsinin hanci da kunne akwai wajen santimita 10. In kyamara tana santimita 40 daga hanci, kunne yana 50, sai hanci ya fito da ƙarin girma na kashi 25 cikin 100 a kan kunne. Daga mita 2 bambancin kashi 5 ne, ido ba ya ma lura. Abin da 18mm ya yi shi ne ya ja ka ka matso don fuska ta cika hoto. Gwaji mai sauƙi: ka tsaya mita 2, ka ɗauki fuska a 18mm, ka sake ɗauka a 55mm ba tare da ka ɗaga ƙafa ba, sannan ka yanko fuskar daga hoton farko ka jera su. Sura ɗaya za ka gani. Haka ma abin da ake cewa lens mai janyo nesa yana matse gaba da baya, nisan tsayuwa ne ya jawo shi. Wannan matsalar ta uku ba sai ka sayi komai ba: kada ka kusanci fuska ƙasa da mita ɗaya da rabi, kuma kada ka ajiye ta a gefen hoto in kana kan lens mai faɗi, domin gefe yana jan abu ya miƙe, kai ya koma kamar ƙwai.

Saura narkewar baya. Akwai hanyar kwatanta lens biyu da ba ta kuskure: raba milimita da lambar f. In mutum ya cika hoto daidai wa daida, kuma bayansa yana da nisa, wanda ya fi babbar amsa shi ya fi narkar da baya. Naka a 55mm f/5.6 ya ba da 10. Na 35mm f/1.8 ya ba da 19, na 50mm f/1.8 ya ba da 28, na 85mm f/1.8 ya ba da 47. Abin mamaki, 300mm f/5.6 ya ba da 54, wato 70-300mm ɗin ma yana narkar da baya sosai, sai dai daga nesa kuma da rana. A nan 50mm ya ɗara 35mm, wannan gaskiya ce, shi ya sa zaɓin ya rataya a kan wanne ka fi ɗauka, fuska ɗaya ko mutane cikin ɗaki. Ko da lens ɗin da ke hannunka, in ka zauna a 55mm, ka matso da mutum, ka nisanta shi mita 4 ko 5 daga bango, za ka ga canji. Mutum yana jingine da bango, ko f/1.4 ba zai narkar da shi ba.

Sabon_Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Lissafin mita ɗin ya sa na karkata ga 35mm. To amma lens ɗina yana da na'urar hana girgiza, shi kuma 35mm ɗin da na gani ba shi da ita. Ba asara zan yi ba? Kuma ita kalmar makro da ke jikin 70-300mm fa, tana nufin zan iya ɗaukar ƙwari da zobe da shi?

Malama_Makro:

Na'urar hana girgiza, wadda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron VC, rawar hannunka kaɗai take gyarawa. Wani gilashi ne a ciki yake motsi yana rama motsinka. Ba ta da iko a kan yaron da ya juya kai. Da ita za ka ɗauki teburi da kujera a 1/15 su fito garau, amma wanda ke zaune a kujerar ya fito da fuska biyu. Motsin mutum saurin shota ne kawai maganinsa, 1/125 ga mai natsuwa, 1/250 zuwa 1/500 ga yara masu guje-guje, kuma saurin shota haske yake ci. Ga mai ɗaukar mutane a ɗaki, babbar ƙofa ta fi na'urar amfani nesa ba kusa ba.

Tsohuwar ƙa'idar riƙo da hannu ita ce kada shota ta gaza ɗaya bisa milimitar lens, bayan ka ninka da lambar sensarka. A 35mm 1/60 ya wadatar, kuma ai da ma za ka wuce haka saboda motsin mutane. A 300mm ne abin yake tsanani, domin lissafi ya kai 450, sai 1/500. A can na'urar take da daraja, har a cikin madubin leƙe za ka ga hoton ya daina rawa. Duk lens mai janyo nesa da za a riƙe da hannu, a nemi mai ita. Wasu kyamarori marasa madubi a ciki kuma a jikin sensa aka sa musu na'urar, sai kowane lens ya amfana.

Makro na gaskiya shi ne mai 1:1, wato abu mai tsawon milimita 20 ya zauna milimita 20 a kan sensa. A kyamararka abin da bai kai faɗin milimita 24 ba zai cika hoto baki da baki. Rubutun makro da ke jikin masu zum yawanci 1:4 ne, wasu 70-300mm sukan kai 1:2 a ƙarshen zum kawai. Fure da malam buɗe littafi za su samu, idon ƙuda ba zai samu ba. Ka duba takardar lens ɗin inda aka rubuta iyakar girmamawa, 0.25x ko 0.5x ko 1.0x, ita ce hujja.

Masu 1:1 ma sun bambanta. Na 40mm ko 60mm sai ka kusan taɓa abin da gilashi, inuwar lens ta rufe shi, ƙwaro kuma ya tashi. Na 90mm zuwa 105mm yana barin wajen santimita 13 zuwa 15 tsakanin bakin lens da abin, akwai wurin shigar da haske. Abu biyu ke ba sabon shiga mamaki. A 1:1 haske yana raguwa da kusan mataki biyu ko da lambar f ba ta canza ba. Kuma wurin da ke fita tas siriri ne ainun, a f/8 bai wuce milimita ɗaya ba, dutsen zobe ya fito, ƙarfen ya ɓace. Shi ya sa ake ɗora kyamara a kan ƙafa uku, a kashe fokas mai sarrafa kansa, a saita da hannu, a ƙara filasha mai laushi. In gwaji kawai kake so, akwai zoben ƙari da ake sa wa tsakanin kyamara da lens, babu gilashi a cikinsa. Na milimita 25 a kan 50mm yana ƙara girmamawa da 0.5x, sai dai muddin yana ɗaure lens ba zai iya fokas a nesa ba.

Tun da siririn fokas ya shigo, bari in ja kunne a kan f/1.8. A kyamararka 50mm f/1.8 daga mita 2 yana ba da kaurin santimita 11 kacal. In ka bar kyamara ta zaɓi wurin fokas da kanta ta kama hanci ko kafaɗa, ido ya tafi. Ka zaɓi ɗigo ɗaya ka ɗora a kan idon da ya fi kusa da kai. In mutane sun yi sahu biyu kuwa, f/1.8 ba wurinsa ba ne, sahun baya zai yi dishi-dishi. Ka tsuke zuwa f/4 ko f/5.6 ka nemi ƙarin haske ta wata hanya.

Mai_Gyaran_Gilashi:

Duk wanda ka zaɓa, ka fara tabbatar da zai hau kyamararka kuma zai yi fokas, domin a nan gizo yake saƙa. Sunan kamfani ɗaya ba ya nufin baki ɗaya, wato wurin da lens ke ɗaurewa a jikin kyamara. Canon tana da EF tun 1987, da EF-S na ƙaramar sensa, da RF da ya zo a 2018. Nikon tana da F tun 1959, da Z shi ma na 2018. Sony tana da E tun 2010. Tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa ita ke yanke hukunci: milimita 44 a EF, 46.5 a F, na kyamarori masu madubi ke nan, amma 20 a RF, 18 a E, 16 a Z, na marasa madubi. Saboda haka lens ɗin kyamara mai madubi yana hawa mara madubi da adafta, wadda take cike giɓin tazarar, amma lens na RF ko Z ba zai koma kan mai madubi ba.

Tarko biyu sun fi kama mutane. Lens na EF-S ba ya hawa Canon mai madubi mai babbar sensa, in kana da niyyar canza kyamara gaba ka sa wannan a lissafi. A Nikon kuma, jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu, don haka 50mm f/1.8D zai hau lafiya lau amma sai dai ka murɗa da hannu. Mai harafin G da AF-S shi ne mai injinsa a ciki. Adaftar FTZ, wadda ke ɗora lens na F a kan kyamarar Z, ita ma ba ta juya fokas ɗin waɗancan tsofaffin. In kana haɗawa da bidiyo, ka saurari ƙarar injin, irin STM na Canon ya fi shiru da santsi, tsofaffin kuwa makirfon na kama kukansu.

In na hannu za ka saya, ga yadda ake dubawa. Cire murfin gaba da na baya, ka haska tocila ta ɗaya gefen kana leƙawa ta ɗayan a karkace. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kusan kowane mai zum yana shaƙarta kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne zare-zare fari mai rassa kamar yanar gizo, funfuna ke nan, tana cin fentin gilashi har ta bar tabo ko an wanke. Haka hazo mai kama da tururi a gilashin ciki, yana kashe kaifin launi musamman in ana fuskantar haske. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Daga nan ka ɗaura shi, ka sa f/16, ka danna maɓallin gwajin ƙofa kana kallon ganyayyakin ta gaba: su rufe farat ɗaya su buɗe farat ɗaya, a bushe. In suna sheƙi da maiƙo ko suna jan jiki, hotuna za su riƙa fitowa da haske fiye da kima. Na ƙarshe, ka saita fokas da hannu a kan wani abu mai nisa, ƙofa a buɗe duka, ka ɗauke shi sau huɗu kana ajiye shi a kowace kusurwar hoto ba tare da ka taɓa zoben ba. Kusurwoyi su yi laushi daidai da juna ba laifi. Ɗaya ta fi sauran lalacewa alama ce gilashin ciki ya goce, galibi daga faɗuwa, kuma gyaransa sai an buɗe.

Ajiya kuwa, a cikin kwano mai murfin roba da ƙullin silika mai shan danshi, danshi ya zauna tsakanin kashi 40 da 50 cikin 100. Jakar kyamara a cikin kabad mai duhu da laima ita ce gonar funfuna.

Ƙofar_Haske:

Na karɓi gyaran Ma'aunin_Nisa, a ɗaki 35mm ya fi dacewa da sensarsa. Ƙari ɗaya don kada ka zargi sabon lens da laifin da ba nasa ba. A f/1.8 za ka ga kusurwoyi sun ɗan yi duhu, ka kuma ga wani layi shuɗi-ja a gefen abu mai ƙyalli ko reshen da ke gaban farin sama. Halin irin waɗannan lens-lens ne in ƙofa tana buɗe duka. Ka tsuke zuwa f/2.2 ko f/2.8, yawancinsa zai tafi, kaifi ya ƙaru, kuma har yanzu kana da ninki huɗu na hasken f/5.6. Mafi kaifinsu yana tsakanin f/4 da f/8. Kada kuma ka zarce f/11 a ƙaramar sensa sai da dalili, domin in ƙofa ta yi ƙanƙanta haske yana bazuwa a gefenta, hoton gaba ɗaya ya yi laushi a f/16 da f/22.

Shi 18-55mm kada ka rabu da shi. Babu ɗaya cikin 35mm, 50mm da 85mm da zai ba ka faɗin 18mm, kuma da rana a f/8 da wuya ka bambanta hotonsa da na tsayayye. Ka dai nema wa kowannensu hular gaba, ta tare hasken da ke shigowa ta gefe, ka tabbatar lambarta ta dace da lens ɗin, domin hular 50mm a kan 18mm baƙin zobe za ta zana maka a kusurwoyi huɗu.